Awa 30 da Ɗoriya: Yadda Na Dawo da Mahaifina Daga Ikko

Assalamu alaikum. Ni ɗan fataken goro ne, a cikin sana'ar na buɗe ido. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a Kano ya ajiye iyali amma a Kurmi ya ƙarar da ƙarfinsa. Yakan sari goro a Shagamu da ƙauyukanta, ya ɗaure huhu a Agege, ya turo gida. Irinmu muna da yawa: abinci a Ikko, iyaye a Arewa, tsakani kuma tafiyar sama da kilomita 1,000 wadda mutum ba ya tuna nisanta sai ranar da aka bugo waya aka ce jiki ya yi tsanani. Saboda masu irin wannan zama nake ba da labarin nan.

Ina firamare aka fara tafiya da ni a dogon hutu, a shekarun da Indiyawa ke riƙe da harkar jirgin ƙasa, daga 1979 zuwa 1982. Manya suna yabon lokacin har gobe, wai jirgi yana tashi a kan ƙa'ida. Ni dai yaro ne, abincin tasha ya dame ni: soyayyen kifi a Jabba, dafaffen ƙwai da burodi da ake miƙowa ta taga, alale a ganye daga hannun matan Yarabawa. Da yake ni ne ɗan fari, Baba ba ya kama sunana. "Kai yaro, ina muka baro?" Haka zai riƙa tambayata har sai na jero masa tashoshin ba tuntuɓe: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Makwa, Jabba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, Agege, Iddo. A wurinsa wannan karatu ne. Wanda ya san jerin tasha ya san inda zai cika buta, ya san inda jirgi ke daɗewa har a sauka a yi salla a ƙasa, ya kuma san inda ba a sauka ko da ƙishirwa za ta kashe mutum.

Daga baya jirgin ya yi ta ja da baya. Goro ya koma kan manyan motoci, mu ma muka koma motocin safa. Na girma, na yi aure, na bi Baba Agege ina riƙe masa littafi. Sai a Disambar 2012 aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Ikko da Kano bayan gyaran dogo, sau ɗaya a mako: ya tashi daga Iddo ran Juma'a da tsakar rana, ya juyo daga Kano ran Litinin da safe.

Ba a daɗe da wannan ba, a farkon 2013, Baba ya faɗi yana alwalar asuba. Hawan jini ne da ya daɗe yana fama da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta sarƙe. Ya yi makonni a gadon asibiti, kuma duk abin da aka tambaye shi, kalma ɗaya ke fita sarai: "Gida." Innarmu na Kano ita ma ba lafiya gare ta ba, ballantana ta taso. Jinya a ɗakin haya, cikin maza zalla waɗanda kowa gari na wayewa yake fita nema, ba za ta yiwu ba. Na san dole a kai shi, abin da ya hana ni barci shi ne ta yaya.

Likitan da ke duba shi ya gindaya sharuɗɗa, kuma duk mai shirin tafiya da irin wannan majinyaci ya nemi nasa likitan ya tabbatar masa da su kafin ya sayi tikiti. Jini ya sauka ya zauna wuri ɗaya na kwanaki. Babu zazzaɓi. Majinyaci yana iya haɗiye kunu mai kauri ba tare da ya ƙware ba. Sannan a karɓi takardar da ta bayyana ciwon da magungunan da yake sha, saboda likitan da zai karɓe shi a can, da kuma ko ta kama a sauka da shi a wani gari a hanya.

Na auna hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Jirgin sama ya fi komai sauri, amma mutumin da ba ya iya zama sai an kwantar da shi, kwantarwar kuwa kuɗin kujeru da yawa ce, ga takardun likita da kamfani ke nema kwanaki kafin tashi. Motar asibiti ta haya kuɗinta ya fi ƙarfinmu a lokacin, domin jarin duk yana cikin goro da hannun masu bashi. Doguwar safa ba ta taso ba sam: ba wurin miƙe ƙafa, ba wurin canza masa kaya, direba kuma ba zai tsaya don mutum ɗaya ba. Ƙaramar mota shata tana yiwuwa, sai dai ramukan hanyar Ilori zuwa Makwa a wancan lokacin mai lafiya ma suna kwantar da shi. Jirgin ƙasa kaɗai ke da gado. Kujerar talaka ba ta kai naira 2,000 ba, ɗakin kwana kuma wajen naira 5,000 ne kowane mutum. Na sayi gadajen ɗakin duka, har wanda ba mai kwana a kai, don kada a haɗa mu da baƙo. Ba ƙyamar mutane ba ce. Dattijon da za a yi wa tsarki yana bukatar sutura.

Kayan da muka ɗauka, yawancinsu wata ma'aikaciyar jinya ce ta lissafa mini, sauran kuma na ƙara da sanin hanya. An canza masa robar fitsari kwana ɗaya kafin tafiya, muka riƙe jakar fitsari biyu ta ko-ta-kwana. Kunzugun manya na kwana uku, ko da yake tafiyar a takarda ba ta kai kwana biyu ba. Shimfiɗar roba, zannuwan gado huɗu, matasan kai uku, safar hannu, sabulu, man shafawa, ledojin zuba shara masu kauri. Ruwa jarka biyu masu lita 25, ɗaya ta sha ɗaya ta wanki. Filas biyu na ruwan zafi da garin kunu da madarar gari, domin dafaffen kunu ba ya kai wa washegari bai yi tsami ba. Na'urar awon jini da sababbin batura, tocila, mafici, da dutsen taimama. Magunguna na raba su biyu, rabi a jaka rabi a aljihun rigata, na rubuta lokutan sha a takarda na manna. Mu uku muka raka shi: ni, ƙanena, da wani ɗan ɗakin Baba mai ƙarfi. Mutum biyu ba za su isa ba, domin a kowane lokaci ɗaya na barci, ɗaya na gadi, ɗaya kuma ya tafi neman wani abu.

Jirgin ta Agege yake bi, amma muka kwashi Baba zuwa Iddo tun da hantsi. A tashar farko jirgi yana tsaye, ba mai kora, a tashar hanya kuwa mintoci ne. Tsohon dogon nan siriri ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, don haka taragon ma matsattse ne. Keken marasa lafiya ba ya shiga lungun da ke gaban ɗakuna, matakalar ƙofa kuma tana da tsawo. A bargo muka ɗauke shi, mutum huɗu kowa da kusurwarsa, na biyar yana tallafe da kai. Akwai abin da ma'aikaciyar jinyar ta ja mini kunne a kai har sau biyu: kada a kuskura a ja shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar ta saki, tana iya gocewa shi kuma ba zai iya faɗa ba. Muka naɗe hannun a ƙirjinsa da ɗankwali. A gadon ƙasa muka kwantar da shi, muka tokare bakin gadon da jakunkuna.

Da jirgi ya ja, na dubi fuskarsa na ga hawaye na bin gefen da bai shanye ba. Na ce, "Baba, sannu. Wani wuri ke ciwo?" Ya girgiza kai. Mutumin da ya shigo garin nan da ƙafarsa yana saurayi, yau ga shi an fitar da shi a bargo. Ban sami abin faɗa ba, na kama yi masa fifita.

Aikin tafiyar gaba ɗaya juyi ne. Duk awa 2 sai an juya shi, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a duba ƙugu da dugadugai ko fata ta fara ja. Girgizar jirgi tana goga fata da zanin gado, zufa kuma tana jiƙa ta, gyambon kwanciya daga nan yake farawa, kuma idan ya buɗe sai a yi watanni ana fama. Ciyarwa ba ma yinta sai jirgi ya tsaya. Mu tayar da shi zaune sosai, cokali kaɗan kaɗan ta gefen baki mai lafiya, a bar shi a zaune rabin awa bayan ya gama. Dalili kuwa, idan kan jirgi ya ja ko ya taka birki, fizgar tana bin taragai ɗaya bayan ɗaya, wanda ke da kunu a baki sai ya tafi masa huhu. Mai irin wannan ciwo, abincin da ya sauka a huhu ya fi yunwar awa uku haɗari nesa ba kusa ba.

Mun wuce Badun da yamma lafiya. Cikin dare, kafin Offa, wutar taragonmu ta ɗauke, sanyin ɗaki ya tafi da ita. Wutar daga taragon janareta take zuwa, in ya sami matsala kowa ya shiga duhu. Ɗakin da aka yi shi don na'urar sanyi, in ta mutu, ya fi na talaka zafi. Muka buɗe ƙofa, muka rataya zani a bakinta, muka riƙa goga masa jiƙaƙƙen tawul. A cikin wannan duhun na haska tocila na ga jakar fitsari ba ta ƙaru ba tun isha, Baba kuma yana ta nishi, mararsa ta yi tauri. Gabana ya faɗi. Na bi robar da hannu tun daga sama, sai na tarar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarsa lokacin juyi na ƙarshe. Ina warwarewa fitsari ya sauko, nishin ya tsaya. Tun daga nan kowane juyi sai na bi robar da yatsa, na tabbatar jakar tana rataye ƙasa da jikinsa, ba a kan gado ba, don kada fitsarin ya koma ciki.

Wajen asuba muka hau gadar Jabba. Ƙarar ƙarfe ta canza, iska mai sanyi ta shigo daga kogin Kwara, Baba ya buɗe ido ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Ya gane inda muke. A wurin fataken goro, tsallake Kwara shi ne shiga gida, ko da saura tafiyar yini guda cur.

Yinin kuwa shi ya fi wahala. Dogon ɗaya ne, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha mai layi biyu, don haka in akwai jirgin kaya a gaba sai a ajiye ku a wata ƙaramar tasha cikin daji, ba inuwa ba mai sayar da komai, har ya iso. Wani wurin kuma dogon ne ba shi da ƙwari, jirgi ya riƙa rarrafe har yara na binsa da gudu. Shi ya sa kilomita 1,126 ke cin awa 30 da ɗoriya, ɗoriyar kuma ba wanda zai ce maka ga iyakarta. Ruwan banɗaki ya ƙare tun kafin Zungeru, jarkarmu ta wanki ce ta rufa mana asiri, muka ƙara cika ta a Minna. Salla mun yi ƙasaru, muka haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. Baba na ɗora masa hannun hagu a kan dutse ya yi taimama, ya yi sallarsa da nuni.

Mutanen taragon nan ba zan manta da su ba. Wata mata 'yar kabilar Ibo da ke ɗakin kusa ta ga muna fama, ta aiko da ƙanƙarar da ta rage a kularta. Wani ma'aikacin jirgi yakan leƙo ya gaya mana tasha ta gaba da kuma ko za a daɗe, don mu shirya ciyarwa. Daga Zariya na buga waya gida aka kawo mota mai buɗaɗɗen baya da katifa, domin na san cikin dare za mu sauka, kuma neman abin hawa da majinyaci a hannu a bakin tasha wulaƙanci ne. Mun isa Kano dare ya raba. Fatarsa ba ta buɗe ba, jininsa bai hau ba. Da aka shigar da shi ɗakin Inna, ta dube shi ta ce, "Alhaji, sannu da zuwa," kamar wanda ya dawo daga fatauci irin na kullum, sannan ta juya ta fita tsakar gida. Can na same ta.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe an buɗe sabon shafi ne. Magani da masu gashin jiki kuɗi suke ci, kuɗin kuma yana Agege. Jirgi sau ɗaya yake tashi a mako, goro kuwa ba ya jira: in ba a kwance huhu an tsince an sake ganye an yayyafa ruwa ba, sankara ta shiga ta cinye jari. Sai na koma ɗan safa, ina kai da komo. Tashar da nake hawa ita ce ta New Road a Sabon Gari, wadda aka tayar wa bam ran 18 ga Maris, 2013. Ba na gari ranar. Da na dawo na ga ƙonannun motocin, kuma duk da haka na sayi tikiti, don ba ni da wata hanya. Daga lokacin kafin ka hau sai an caje ka, an buɗe jakarka, wasu ma har hoton fasinja suke ɗauka.

A wannan zirga-zirgar na koyi motar dare ciki da bai. Lokacin da aka rubuta a tikiti ba shi ne lokacin tashi ba. Mota ba ta motsawa sai but ya cika, domin kuɗin kaya ya fi na mutane tsoka. Kujerar tsakiya ake nema: ta baya tana kan inji da tayoyi, ga zafi ga jijjiga, ta gaba kuwa ita ke fara karɓar duk abin da ya faru. Bencin da ake jerawa a tsakiyar hanya yana da araha, amma ba majingina, kuma in aka ce a fita da gaggawa shi ke toshe kowa. Takardar da ake rubuta suna da lambar ɗan'uwa, mutane na cika ta da wasa, alhali ita kaɗai ce za a duba in an kwashe ka ba ka san inda kanka yake ba. A sa lambar wanda ke ɗaga waya da dare. Abinci busasshe, burodi, dabino, ƙilishi. Miyar wurin da direba ya tsaya, shi kyauta ake zuba masa, kai kuma in cikinka ya ɓaci ba mai tsaya maka. Kuɗi a raba su wuri uku. Waya biyu masu layi daban, ɗaya ƙarama mai riƙe caji. Salla kuwa, tun a tasha masu yi za su haɗa baki su gaya wa kwandasta, in aka bari sai alfijir ya keto ana gudu, rigima ce kawai za a yi.

Lalacewar mota ma tana da dalilanta, ba ƙaddara ce zalla ba. Lodi ya yi yawa, taya ta ɗau zafi ta fashe. Fambel ya tsinke, lagireto ya tafasa. Gas ɗin da aka sha a bakin hanya yana da ruwa ko datti, filta ta toshe, mota ta riƙa shaƙewa a hawa. Iskar birki ta zube, tayoyi su kame, ba gaba ba baya. Kafin in biya kuɗi nakan zagaya motar in dubi tayoyi, in ga ko akwai safaya, in duba ƙasa ko mai na ɗiga. 'Yan kamasho suna yi mini dariya, ban damu ba. Hanya kuma biyu ce: ta Birnin Gwari, Tegina, Makwa, Jabba da Ilori, wadda ta fi kusa, da ta Abuja, Lakwaja da Okene, wadda ta fi nisa. A lokacin yawanci ta farkon muke bi.

Da daminar 2014 ina Agege ƙanwata ta bugo da hantsi. "Yaya, Baba ya ƙi karɓar kunu tun jiya, numfashinsa ya canza. In da hali ka taho." Na tambayi kuɗin jirgin sama na ranar, abin da ke hannuna bai kai ba. Na bi mutum uku da nake bi bashi, kafin kuɗi su haɗu jirgin yamma ya cika. Na sami kujera a doguwar safa, muka tashi bayan la'asar. Cunkoson fita Ikko ya ci nasa, muka wuce Ilori dare ya yi nisa, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bayan Bode Sa'adu muka tarar da layin manyan motoci ba iyaka. Tankar mai ce ta faɗi ta gilma a hanya. Titin ɗaya ne, ba kafaɗa, masu gaggawa kuma sun riga sun shiga hannun masu tahowa, an kulle ta ko'ina. Ba sabis a wurin.

Cikin dare ba a sauka a irin wannan wuri. Ga daji, ga man da ke tsiyaya ba ka san inda ya kwarara ba. Na zauna ina kallon waya maras amfani har gari ya waye. Da haske ya fito na ɗauki 'yar jakata, domin da ma ban sa komai a but ba, na bar sauran kuɗin motata. Duk inda aka sami irin wannan toshewa, 'yan acaɓa na ƙauyukan kusa suna fitowa da safe, sun san hanyoyin gona. Ɗaya ya zagaya da ni ta cikin taɓo ya fitar da ni gaban tankar. Na sami ƙaramar mota, muka tsallake gadar Jabba, muka nufi Makwa.

Muna shiga Makwa saƙonni suka fara shigowa a jere. Ban buɗe ko ɗaya ba, yawansu ya gaya mini. Sai ga kiran baffana. Ya yi sallama, ya yi mini ta'aziyya, ya ce bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa. Sannan ya ce, "An yi masa wanka, mutane sun taru. Kana ina? Mu jira ka?"

Na yi lissafi a tsaye a bakin titi. Ko na ɗauki shatar mota a take, ba zan shiga Kano ba sai bayan magariba, in hanya ta yi kyau ke nan. Ma'ana a ajiye shi yini guda cikin zafin damina, ko a kwana da shi, tsofaffin abokansa na zaune a ƙofar gida, duk don in ga fuskarsa. Raina yana so ƙwarai. Na kuma san abin da shi zai ce, mutumin da bai taɓa yarda a jinkirta gawar kowa ba a zangon Agege. Na ce, "Baffa, ku sallace shi. Kada ku jira ni." Na kashe wayar, na shiga wani masallaci a gefen tasha na zauna. Wani dattijo da ban sani ba ya ga halin da nake ciki, bai tambaye ni komai ba sai da ya kawo mini shayi.

Da dare na isa gida. Washegari ƙanena ya kai ni maƙabarta ya nuna mini.

Watannin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Na tsani warin goro. In waya ta yi ƙara da dare sai jikina ya ɗau rawa. A mota ba na iya runtsawa, ina ta lissafin da a ce jirgin yamma bai cika ba, da a ce ta Lakwaja muka bi. Ba wanda na gaya wa, domin namiji a wurinmu ana sa ran ya karɓi gaisuwa ya koma kasuwa. Inna ce ta gane. Wata rana bayan ta fita takaba ta kira ni ɗaki, ta ce, "Kai, zo nan. Me kake ci wa kanka rai a kai? Kai ka kawo shi gida. Shekara guda da rabi ina ba shi abinci da hannuna. Da a can ya cika, mu duka ne ba za mu gan shi ba." Maganar ba ta cire ciwon ba, amma daga ranar na fara barci.

Sai da na biya bashin da ke cikin littafin Baba kafin a raba gado, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Na yanke shawarar barin Ikko tun Inna na da rai. Na damƙa sari da ɗauri a hannun ɗan ɗakin Baban nan da ya raka mu a jirgi, ni kuma na kama rumfa a kasuwar goro ta Mariri ina karɓar kaya. Samu ya ragu sosai, domin ribar goro a wurin sari take, kuma na sha jin cewa na yi wauta. Yara sun canza makaranta, maiɗakina ta sayar da abin wuyanta a shekarar farko. Da Inna ta kwanta nata ciwon bayan wasu shekaru, tafiyar minti 20 ce tsakanina da ita.

Hanyar ta sake kama tun daga lokacin. Ta Birnin Gwari akwai lokacin da masu garkuwa da mutane suka sa direbobi da yawa suka ƙaurace mata. An buɗe sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, aka kai masa hari ran 28 ga Maris, 2022, bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. Na Ikko zuwa Badun an ƙaddamar da shi a 2021. Suna da sauri da tsafta, amma ba su haɗe da juna ba, don haka mai majinyaci a kwance ba su warware masa komai ba. Tsohon jirgin Iddo ya sha tsayawa ya sha dawowa, duk mai niyyarsa ya je tasha da ƙafarsa ya tambaya kafin ya sallamo marar lafiya daga asibiti. Kuɗin mota kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ya ninka ya sake ninkawa.

Kafin in baro Agege na tara abokan sana'a waɗanda iyayensu ke Arewa, muka buɗe wani asusu da har yanzu yake tafiya. Kowa na zuba abin da aka yanka duk Juma'a. Kuɗin yana hannun mutum biyu, a banki, ba a cikin kaya ba, kuma ba a barinsa ya gaza kuɗin tikitin jirgin sama na mutum biyu a farashin ranar, in farashi ya tashi a ƙara zubi. Ba a ranta shi don sari, ba a taɓa shi don biki ko suna. Wanda aka bugo wa waya daga gida, a cikin awa guda ake tura masa, ya biya a hankali bayan ya dawo.